Tambaya da Amsa: Shayar da Ciyawar Tsakar Gida da Ɗan Abin da ke Hannu

Tun da ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba, yawancin wasiƙun da ke zuwa wannan fili daga Bauchi da Gombe magana ɗaya suke yi, wato yadda za a raya ciyawar da aka shuka da damina har ta ga wata daminar, ba tare da aljihu ya ji jiki ba. Mun zaɓi huɗu daga cikinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makarantar sakandare ne, ina zaune a Fadaman Mada cikin garin Bauchi. Da damina na shuka ciyawa a tsakar gidana, fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 6, domin yara su sami wurin wasa, ƙura kuma ta ragu. Yanzu ta fara yin ja. Ina da rijiyar burtsatse da tanki mai cin lita 2,000 a kan ƙarfe mai tsayin mita 3. Na sayi na'urar feshin ruwa mai juyawa, amma da na jona ta da tiyo sai ruwan ya riƙa tsiyaya a gindinta, ko motsi ba ta yi. Mai shagon ya rantse lafiyarta ƙalau. Shin cutata aka yi, ko kuwa akwai abin da zan iya haɗawa da hannuna?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ina kyautata zaton mai shagon gaskiya ya faɗa maka, domin abin da ya same ka ni ma ya taɓa samuna, kuma sai da na yi kwana biyu ina kwance na'urar ina mayarwa, ina hura ramukanta da baki, kafin wani mai gyaran famfo ya ɗaga kai ya dubi tankina ya ce matsalar tana can sama. Irin wannan na'ura, wadda 'yan kasuwa ke kira sifirinkila, ba ta da inji a cikinta, ƙarfin turin ruwa ne kaɗai ke bugun ɗan hannunta yana juya ta. Idan ka duba kwalinta za ka ga an rubuta cewa tana buƙatar bar 2 ko 3, kuma bar ɗaya daidai yake da ƙarfin ruwan da ya gangaro daga tsayin mita 10. Ke nan tana neman tankin da aka ɗaga mita 20 zuwa 30, tsayin da ya fi na yawancin benayen da ke cikin Bauchi. Naka tankin, idan ya cika maƙil, saman ruwansa bai fi mita 4 da rabi daga ƙasa ba, idan kuma ya kusa ƙarewa ya dawo mita 3, don haka abin da kake ba ta bai kai rabin bar ɗaya ba. Girman tanki ba ya ƙara komai a wannan lissafi, tanki mai lita 500 da mai lita 5,000 ƙarfinsu ɗaya ne muddin saman ruwansu yana tsayi ɗaya.

Akwai kuma ɓarawo na biyu, wato tiyo. Siririn tiyo mai rabin inci, idan ya yi tsawo ya kuma nannaɗe a tsakar gida, yakan cinye wani kaso mai yawa na ɗan ƙarfin da ya rage tun kafin ruwan ya isa bakinsa. Kafin ka sake sayen ko da allura, ka ɗauki bokitin fenti mai cin lita 20, ka kai shi daidai wurin da ciyawar take, ka buɗe ruwan duka, ka duba agogo. Idan ya cika cikin minti ɗaya kana samun lita 20 a minti, idan sai da ya kai minti biyu, lita 10 ke nan. Wannan adadi shi ne jarinka, kuma duk abin da za ka haɗa bai kamata ya nemi fiye da shi ba.

Abin da na fi so ga fili irin naka shi ne bututun roba da aka huda, domin shi ba ya neman ƙarfi mai yawa, kuma duk kayan haɗinsa ana samun su a wurin masu sayar da kayan famfo a Wunti ko a Muda Lawal. Ka sauko da ruwa daga tanki da bututu mai inci ɗaya, sannan ka raba shi layi biyu na bututu mai kashi uku cikin huɗu na inci, kowane layi ya bi tsawon filin, kowanne yana nesa da gefensa da mita ɗaya da rabi, ta yadda za a sami mita 3 a tsakaninsu. Ka sa wa kowane layi makunninsa, saboda da irin ƙarfin ruwanka layi ɗaya za ka riƙa buɗewa a lokaci guda. Rubutun kamfani da ke jikin bututun a miƙe yake daga farko har ƙarshe, don haka ka mayar da shi sama ya zame maka jagora, ka riƙa huda rami bayan kowane santimita 30, ɗaya a daman rubutun, na gaba a hagunsa, a ɗan karkace, domin ruwan ya tashi sama ya lanƙwaso gefe kamar bakan gizo. Ramin da ya kalli sama sak kan bututun zai dawo da ruwansa.

A wurin hudar ne yawancin mutane ke ɓata aikin. Hannu yakan kai ga ƙusa ko basilla saboda su ne a kusa, sai a sami manyan ramuka, na kusa da tanki su shanye ruwan, na ƙarshen layi su zauna a bushe. Ramin da faɗinsa ya ninka biyu ruwan da yake fitarwa ninki huɗu ne. Milimita ɗaya ya isa. Idan akwai dirila da siririn baki mai wannan awo, to madalla. Idan babu, a riƙe allurar ɗinkin hannu mai ɗan kauri da filaya, a sa bakinta a garwashi har ya yi ja, a soka sau ɗaya a zare ba tare da an jujjuya ba, sannan a kankare ɗan tudun robar da ya narke a bakin ramin da reza. A yi wannan aiki a fili inda iska ke kaɗawa, domin hayaƙin robar ba shi da kyau ga ƙirji. Kada ka yi gaggawar shafa gam. Ka cusa mahaɗan a junansu haka nan, ka buɗe ruwa ka gani, da yake ƙarfinsa kaɗan ne za su riƙe har ka gama gwaji. Inda ka ga ƙasa ba ta jiƙe ba sai ka ƙara rami, kuma ƙarawa ta fi toshewa sauƙi. Ƙarshen kowane layi kuwa, marfi mai zare za ka sa masa, wanda ake murɗewa a cire, kada a liƙe shi.

A lissafi, layi mai mita 10 zai ɗauki ramuka kamar 33, kuma da tsayin tankinka za su fitar da abin da ya kai lita 7 a minti gaba ɗayansu. Kowane layi yana kula da rabin filin, murabba'in mita 30, don haka cikin minti 40 ko ɗan fiye zai zuba lita 300, wanda ya yi daidai da ruwan sama na milimita 10. Shayarwa ɗaya ta filin duka za ta ci lita 600, kusan sulusin tankinka, saboda haka ka yi shawara da uwargida, ka kuma daidaita lokacin ban ruwan da lokacin da ake tayar da injin rijiya, don kada ciyawa ta sha a rasa na girki.

Akwai kuma wani shimfiɗaɗɗen tiyo baƙi da masu sayar da kayan noman rani ke kawowa, wanda aka riga aka yi wa ƙananan ramuka daga kamfani, yana kumbura idan ruwa ya shiga ya riƙa yayyafi ta gefe biyu. Yana da arha, ana naɗe shi a ajiye, amma shi ma ya fi son ƙarfin da ya ɗara na tankinka, don haka a kan tsayin mita 3 sai gajeren yanki ne zai yi maka abin kirki.

Idan kuma ranka yana kan na'urar da ka riga ka saya, maganinta ƙaramin injin tura ruwa mai ƙarfin rabin doki, wanda ke cin wuta kamar wat 370. Ana sa shi a gindin tanki, ya ja daga tankin ya tura wa na'urar, kuma yana iya juya ƙarama ɗaya ko biyu. Sharaɗinsa shi ne kada a bar shi yana aiki bayan ruwa ya ƙare, domin nan da nan yake ƙonewa. Sai dai ni ban ba ka wannan shawara ba. Irin waɗannan na'urori, idan suka sami ƙarfin da suke so, sukan jefa ruwa mita 10 ko fiye, filinka kuma mita 6 ne faɗinsa, don haka rabin ruwan a katanga da tagogi da shanyar maƙwabta zai ƙare. Katangar bulo fentinta zai ɓare, ta ƙasa kuwa gindinta zai zaizaye kafin bazara ta wuce. An yi su ne domin filin ƙwallo da manyan lambuna, kuma ba za ka rasa mai lambun da zai saye ta a hannunka ba.

Tambaya: Malam, ni uwargida ce a Tumfure, Gombe. Ba mu da rijiya a gida, ruwa a wurin 'yan garuwa muke saye, wani lokaci kuma mu haɗa kuɗi da maƙwabta a kawo tanka. Na ga ana nuna yadda ake huda gorar lemo a ɗaura ta a bakin tiyo tana feshi kamar ta kanti. Ina so in shuka ciyawa a gaban ɗakina kamar yadda na gani a gidan ƙanwata. Wannan dabara za ta yi mini?

Amsa: Hajiya, dabarar gorar gaskiya ce, kuma ba ta da wuya. Ana samun gorar roba mai lita ɗaya da rabi, a huda mata ramuka 15 zuwa 20 da allura mai zafi a gefe ɗaya kawai, a cusa tiyo a bakinta, a naɗe mahaɗar tamau da robar tsohon tiyub na keke, sannan a kwantar da ita ramukan suna kallon sama, a tokare ta da duwatsu biyu don kada ta mirgina. Tana jiƙa ɗan wuri, sai a ja ta gaba. Rana takan busar da ita ta tsage bayan 'yan makonni, amma wata gorar ba ta wuyar samu. Abin da ba a faɗa a irin waɗannan hotuna shi ne, ita ma gorar sai da famfo mai ƙarfi ko tanki a sama. Ruwan da aka juye a randa ko a duro a ƙasa ba zai hau cikinta ya yi feshi ba.

Amma abin da ya fi gorar muhimmanci a wurinki shi ne lissafin ruwan kansa, kuma ina roƙon ki yi shi kafin ki sayi ko da dami ɗaya na ciyawa. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne cif. A ranin ƙasarmu ciyawa tana buƙatar tsakanin milimita 25 zuwa 35 a mako idan ana so ta zauna kore, kuma a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, babban adadin ne ke aiki. Fili irin na mai tambayar farko, murabba'in mita 60, zai sha lita 1,500 zuwa 2,100 duk mako, wato jarka 60 zuwa 84 masu cin lita 25. Ki ninka wannan da kuɗin jarka ɗaya a layinku, ki sake ninkawa da makonnin da ke tsakanin Nuwamba da Mayu, za ki ga cewa ciyawar tana iya fin wani ɗan makaranta cin kuɗi. Ko ruwan famfon da ake turowa Gombe daga Dadin Kowa, ko na madatsar Gubi da Bauchi ke sha, ruwa ne da aka kashe kuɗi aka tace domin sha, kuma a ganina watsa shi a kan ciyawar ado yayin da wasu ke bin layi da jarka abu ne da ya kamata mutum ya yi da taka-tsantsan.

Shawarata ita ce daidai ruwa daidai tsaki. Ki ware wuri ƙarami, kamar mita 2 a mita 3, inda inuwar ɗaki ko ta bishiya ke faɗawa da la'asar. Wannan lita 150 zuwa 210 zai sha a mako, jarka shida zuwa takwas, kuma butar ban ruwa mai kan rariya irin ta masu lambu ta ishe shi, babu tiyo babu gora. Ki shuka kirikiri, wannan da manoma ke yaƙi da ita a gona saboda taurin kanta, domin halin nan nata shi ake nema a nan: tana jure tattakawa, idan ta rasa ruwa takan bushe ta yi kamar ta mutu, amma saiwarta tana nan, da ruwan farko ya sauka sai ta farfaɗo. Ciyawar kafet mai faɗin ganye ta fi ta kyan gani, sai dai ita 'yar wuri mai laima ce, ba ta yafe ƙishirwa. Ruwan alwala na mutanen gida, idan aka riƙa yin ta a bakin ciyawar ko aka tara a baho, yakan rage jarka da dama a mako, haka ma ruwan ɗauraya na ƙarshe da na wankin shinkafa da ganye. Ruwan da ke da omo mai yawa ko bilic ko maiƙo kada ya kusance ta. Sauran filin ki zuba tsakuwa ko ki dasa bishiya, ki binne tulun ƙasa marar fenti kusa da gindinta har wuya, ki riƙa cika shi kina rufewa, zai riƙa tsatso ruwa a hankali kai tsaye zuwa saiwa, sauro kuma ba zai sami wurin ƙwai ba.

Tambaya: Malam, wane lokaci ya fi dacewa a yi ban ruwan, kuma minti nawa? Yarona kullum da azahar yake yi idan ya dawo daga makaranta. Daga wani ma'aikaci a Yelwa, Bauchi.

Amsa: Alhaji, a mayar da aikin bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga, lokacin da iska take kwance. Da azahar rana tana ɗauke wani kaso na ruwan tun yana sama, kuma a hunturu iska takan kwashe feshin ta kai shi inda ba a aike shi ba. Idan safiya ba ta yiwuwa saboda makaranta, bayan la'asar sakaliya ya fi azahar. A kuma daina yin kullum. Yayyafin kowace rana yana koya wa saiwa zama a sama, ranar da aka tsallake sai ciyawar ta langaɓe. Sau uku a mako, ana jiƙawa sosai, ya fi, sai dai in ƙasar jigawa ce mai yashi da ba ta riƙe ruwa, nan a iya yin kwana ɗaya bayan ɗaya. Maganar minti kuwa, gwangwani ne zai faɗa maka. A jera gwangwanayen madara biyar ko shida da aka yanke wa kai a wurare daban-daban cikin ciyawar, a buɗe ruwa, a duba lokacin da zai ɗauka kafin ruwan cikinsu ya kai santimita ɗaya a rula. Wannan shi ne lokacinka. Gwangwanin da ya fi sauran ƙarancin ruwa kuma ya nuna maka inda ciyawa za ta fara ja. Idan ƙasar laka ce har ruwa ya fara kwanciya ko gudu kafin lokacin ya cika, a rufe a jira rabin sa'a a ƙarasa.

Tambaya: Malam, bara na haɗa bututu mai ramuka kamar yadda wani aboki ya nuna mini, ya yi aiki wata biyu, daga nan ramukan suka toshe ɗaya bayan ɗaya, bututun kuma ya fashe da yaro ya taka shi. Mene ne kuskurena? Daga wani ɗan kasuwa a Pantami, Gombe.

Amsa: Malam, abu biyu ne suka haɗu, yashi da rana. Ruwan rijiyar burtsatse yakan zo da ɗan yashi mai laushi, tanki kuma, musamman wanda haske ke ratsawa ko marfinsa ya ɓace, yakan yi gansakuka, kuma ramin milimita ɗaya ƙwayar yashi guda ta ishe shi. A sa matata tsakanin tanki da bututun. Ana sayar da ƙarama ta roba mai raga a ciki a shagunan kayan noman rani, wadda ake kwancewa a wanke. Wanda bai samu ba ya ninka yankin tsohon gidan sauro sau uku ko huɗu ya sa a cikin mahaɗa mai zare, ya riƙa cirewa yana wankewa duk mako. Bakin da ruwa ke fita daga tanki ya kasance sama da gindin tankin da kamar faɗin tafin hannu, domin laka ta kwanta a ƙasa, a kuma wanke tankin a farkon rani. Duk bayan mako biyu a cire marfin ƙarshen layi a bar ruwa ya gudu na minti ɗaya, za ka yi mamakin abin da zai fito. Ramin da ya toshe a buɗe shi da siririyar waya ɗaya daga cikin igiyar birkin keke, kada a sa ƙusa, don ƙusa faɗaɗa shi za ta yi.

Fashewar kuwa aikin rana ne. Farin bututu ko mai ruwan toka, idan ya daɗe a fili yana shan rana, yakan bushe ya yi gautsi har ya karye da ɗan nauyi. Ɓangaren da ke kawo ruwa daga tanki, wanda ba shi da ramuka, a binne shi a zurfin kamar taƙi ɗaya. Ɓangaren da ke da ramuka a shafa masa fentin ruwa kafin a huda, ko a maye gurbinsa da baƙin bututu mai lanƙwasa irin na masu noman rani, wanda aka yi domin zama a rana, hudarsa ma ta fi sauƙi. A kafe shi da ƙasa da 'yan ƙarafa da aka lanƙwasa kamar ƙugiya, ɗaya bayan kowane mita biyu, don kada ya juya ramukan su kalli ƙasa. Idan damina ta kankama a watan Yuni, a kwance layukan daga makunninsu, a zazzage ruwan ciki, a toshe bakunansu da leda saboda zanzaro da ƙadangaru, a jingine su a inuwa a bayan ɗaki har zuwa Nuwamba.